Amsa: Me ya sa ake raba guraben soja jiha-jiha?

Malam, ka tambaya me ya sa ba a ɗaukar duk wanda ya fi cin jarrabawa kawai, sai an raba gurabe tsakanin jihohi. To, abin ya daɗe. Tun 1961, lokacin marigayi Muhammadu Ribaɗu yana ministan tsaro, aka ware wa Arewa rabin guraben hafsoshi, Gabas da Yamma kowa kashi 25, saboda ƴan Kudu sun yi mana fintinkau a boko. Juyin mulkin Janairun 1966 da ramuwar gayyar Yuli sun nuna abin da ke faruwa idan aka fara yi wa soja kallon na ƙabila ɗaya. Shi ya sa sashe na 217 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar ta ƙunshi kowane ɓangare.

Ni na taso kusa da Depot na Zariya, wato sansanin horar da sababbin sojoji. Za ka ga kurtu daga Kalaba, kai kwal, yana cinikin ƙosai da ƴar Hausar da ya tsinta wurin abokin ɗakinsa Bakatsine. Inda nake da ƙorafi shi ne masu sayen takardar shaidar ƙaramar hukuma su cinye gurbin jihar da ba tasu ba.