Filin Raba Gardama: wane Harry Potter ne ya fi?

Tambaya:

Salamu alaikum Yaya, ina wuni, ya aiki ya jama'a. Dan Allah gardama ce ta haɗa ni da yayana tun lokacin bakans har yau ta ƙi mutuwa, mun kalli finafinan Harry Potter duka takwas a waya, ni na ce na huɗu ya fi saboda gasar nan da dodon mai feso wuta da inda sunka shiga ƙarƙashin ruwa, shi kuma ya ce wai ban san fim ba, na ƙarshe shi ne fim tunda nan anka yi yaƙin kuma anka kashe mugun matsafin nan Voldemort. Har Innarmu ta gaji da mu ta ce in munka ƙara za ta karɓe wayar. Mun yarda duk wanda ka ba gaskiya shi ke nan, wanda ya faɗi zai sai ma ɗaya kilishi. Kai wanne ka fi so? Daga ƙanwarka a unguwar Bagalam, Maraɗi.

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. To ku haɗa kuɗin kilishin ku aiko min, don ku duka kun faɗi. Ni na uku ne nawa, wanda anka yi a 2004, na fursunan Azkaban, kuma na san yanzu yayanki zai ce haba, fim ɗin da ko fuskar Voldemort ba a gani a ciki ba? Eh shi. Wanda bai kalla ba tukuna ya tsallake wannan amsa don zan tona labarin kaf.

Bari in fara ba ku haƙƙinku. Na huɗu da kike so, na 2005, ba ƙaramin fim ba ne, nan ne Voldemort ya dawo da jikinsa a maƙabarta kuma nan ne karon farko da ɗalibi ya mutu a gabanmu, kukan da baban Cedric ya yi kan gawar ɗansa har yau ban son jinsa. Na ƙarshe kuma, na 2011, shi ya fi duka kawo kuɗi, sama da dala biliyan 1.3, dalar Amurka fa ba dalarmu ta nan ta sayen goro ba. Nawa kuwa shi ne na baya a wajen kuɗi cikin takwas ɗin. To in kasuwa ce alƙali yayanki ya ci. Amma na huɗu gasa uku ce anka jera, a gama wannan a shiga waccan, na ƙarshen kuma rabin littafi ne tunda littattafan bakwai ne sai anka raba na bakwai gida biyu, in kin kunna ma wanda bai ga na baya ba wallahi harbe-harben wuta kawai zai gani bai san wa ke bin wa ba.

Ni a gidan bidiyo na fara ganin na ukun, irin rumfar nan ta kwano da labule, dala biyar ake shiga, tele ɗaya a kan tebur an ɗora mata dutse kar iska ta tafi da sede. Da Faransanci ne kuma lokacin Faransancina bai wuce na lekol ba, rabin maganar wuce ni take. Ana cikin inda jirgin ƙasa ya tsaya kan hanya, fitilu sunka mutu, gilashin taga ya fara daskarewa, wani hannu kamar na gawa ya zuro yana buɗe ƙofa, sai kuran ya ɗauke. Wallahi wani yaro da ke kusa da ni salati ya kama. Kafin a tada gurup mun yi minti goma cikin duhu ba wanda ya yarda ya fita.

Waɗannan abubuwa masu baƙin lulluɓi, Détraqueurs a na Faransanci, su ne dalilina na farko. Masu gadin kurkuku ne, ba su duka ba su sara, in sun matso kusa da mutum sai duk wani farin ciki da ya taɓa yi ya tsiyaye, abin da ya fi ci masa rai a duniya shi kaɗai zai rage yana juyawa a kansa. Harry ihun mahaifiyarsa yake ji a daren da anka kashe ta. Marubuciyar, J.K. Rowling, ta faɗa da bakinta cewa daga ciwon damuwa da ta yi fama da shi ta samo su. Duk wanda ya taɓa yin rashi ya san wanga abu, ana cikin fada ana shan shayi ana dariya sai ka ji sanyi ya shige ka ba dalili. Dodon na huɗu ana iya guje masa a kan tsintsiya, wannan kuwa ina za ka gudu.

Sai kuma labarin kansa, wanda in kin cire sandunan tsafin labarin cin amana ne irin wanda kakanninmu ke bayarwa. An ce ma yaro ga mutumin da ya sayar da iyayenka, Sirius Black, ya tsere daga kurkuku bayan shekara 12 kuma kai yake nema. Kowa ya yarda, hukuma ta yarda, jarida ta buga hotonsa ko'ina, mu ma masu kallo mun yarda tunda Gary Oldman, ɗan wasan da ya yi Sirius ɗin, ya fito da ƙazamin gashi da ido kamar mahaukaci. Ashe shi ne aminin uban, shi anka ba amanar yaron, ƙarya anka yi masa. Maci amanar kuwa yana nan cikin aljihun Ron abokin Harry, ɓeran nan da ake ba abinci a baki, shekara 12 yana kwana a gidan mutane, ya yanke ɗan yatsansa ya bari don a ce ya mutu. Da ɗan gari kan ci gari kenan. Ranar da na fara gani, da ɓeran ya koma mutum rumfar gaba ɗaya ta ɗauki ihu, wani dattijo da ya shigo neman ɗansa ya tsaya kallo ya ce kai wannan ko a mutum ɗin ma ɓera ne.

Kuma abin da ke burge ni, gaskiya ta fito amma ba ta yi ma Sirius amfani a gaban hukuma ba. Ya ce ma Harry in an wanke ni ka zo mu zauna tare, yaron da ya tashi a hannun 'yar'uwar uwarsa ana wulaƙanta shi har ya fara murna, ko minti biyar ba a yi ba wata ya fito, malam Lupin ya rikiɗe, ɓera ya sulale cikin ciyawa, shaida ta tafi. Shi ke nan. Mutumin ya sake komawa gudun hijira.

Shi Lupin ɗin nan, a duk malaman da anka nuna cikin takwas ɗin babu wanda na so kamarsa. Rigarsa ta tsufa, kullum kamar mai jinya, amma shi ne ya zauna da yaron ya koya masa yadda zai tsaya gaban abin da yake tsoro. Mu da munka tashi da labarin mutane masu rikiɗa su zama kura da dare ba sai an yi mana dogon bayani ba, bambancin kawai nasu kyarkeci ne kuma shi ba da son ransa ba, cizonsa anka yi. Da asirinsa ya tonu bai jira a kore shi ba ya tattara kayansa, ya san iyayen yara ba za su yarda ba. Na taɓa yin wani malami irinsa a lise, Allah ya jiƙansa, ba zan faɗi sunansa ba.

To amma inda fim ɗin ya kama ni gaba ɗaya shi ne bakin tafki. Détraqueurs sun yi ma Harry da Sirius taron dangi, sun kusa gamawa da su, sai daga ɗaya ɓangaren ruwa wani haske ya taso da siffar namijin barewa mai ƙaho kamar reshen itace ya kore su. Harry ya rantse babansa ne ya gani. Daga baya shi da abokiyarsa Hermione sunka juya lokaci baya da 'yar sarƙar nan da take amfani da ita don shiga aji biyu a lokaci guda, sunka laɓe a wancan gefen, yana ta cewa ki jira yanzu babana zai zo, yana kallon kansa yana mutuwa a can, yana jira, ba wanda ya zo. Sai ya gane. Ya fito da gudu ya ɗaga sandar da kansa. Ni lokacin bai fi shekara biyu da rasuwar mahaifinmu ba kuma ni ne babba a ɗakinmu, ban gaya ma kowa ba amma ban tsaya anka gama rubutun ƙarshe ba na fita, na bi ta bayan layi don kar abokaina su ga idona.

Aikin ma daban ne. Biyun farko, 2001 da 2002, Chris Columbus ya yi su, komai fes, yara cikin kayan makaranta an ɗaure wuya tsaf kamar ranar rabon sakamako. Na uku sai anka ɗauko Alfonso Cuarón ɗan Meziko, wanda daga baya ya ci kyautar Oscar da finafinansa Gravity da Roma. Shi ya saki yaran sunka koma kamar yaran gaske masu shekara 13, riga a waje, wani lokacin ma kayan gida, ya kai kyamara cikin duwatsun Sikotland, ya rage haske, har itacen nan mai dukan mutane ya mayar agogon nuna shigar sanyi da fitarsa. Ya sa manyan 'yan wasan uku kowa ya rubuto masa bayanin wanda yake fitowa a matsayinsa, Emma Watson mai yin Hermione ta kawo shafi 16, Daniel Radcliffe mai yin Harry shafi 1, Rupert Grint mai yin Ron bai kawo komai ba, kin ga kowa ya yi halin nasa. Kiɗan kuma shi ne na ƙarshe da John Williams ya yi musu.

Yana da aibi, ba zan ɓoye ba. Taswirar nan mai nuna sawun kowa a makaranta, fim ɗin bai taɓa gaya miki su wa sunka yi ta ba, alhali baban Harry ne da Sirius da Lupin da shi ɓeran tun suna ɗalibai. Bai kuma ce miki baban Harry barewa yake rikiɗa ba, wanda shi ne ma'anar hasken bakin tafkin. Sai da na karanta littafin shekaru bayan haka na ce kai, wannan ai ganganci ne, minti biyu ya isa a faɗa.

Ki ce ma yayanki ya sake kallonsa da dare shi kaɗai, in bai canza ra'ayi ba ya rubuto. Ki gaishe da Inna, ki ba ta haƙuri.

Tambaya:

Yaya ɗan kawuna ya zo daga Katsina muna hira ya ce sunan makarantar Hogwarts, malamin nan mai baƙaƙen kaya kuma Snape, ni kuma Poudlard da Rogue na sani. Waye ke ƙarya? Kuma me ya sa tsohon shugaban makarantar ya canza kama? Ƙanenka daga Ali Ɗan Sofo.

Amsa:

Ba mai ƙarya ƙanena, iyaka ce ta raba ku. Shi na Ingilishi ya kalla kuma su ne sunayen asali, kai kuma na Faransanci. Jean-François Ménard da ya fassara littattafan shi ya sake ma wasu suna don mai jin Faransanci ya ji daɗinsu, rogue ɗin ma kalmarsu ce ta mai girman kai. Shugaban makarantar kuwa, Dumbledore, mutum biyu ne sunka yi shi, Richard Harris ya rasu a 2002 bayan an gama ɗaukar fim na biyu, Michael Gambon ya ɗauka daga na uku har ƙarshe.

Tambaya:

Malam, yarana sun dame ni da wannan fim na matsafa, babban shekararsa 11 ƙaramar 7. Hankalina bai kwanta ba. In bar su? Wata uwa daga unguwar Zariya.

Amsa:

Hajiya barka da ƙoƙari. Maganar halas da haram ki kai ta wajen malamin da kika yarda da shi, wannan fagensu ne. Abin da ni zan gaya miki shi ne abin da ke ciki. Tatsuniya ce ta Turawan Ingila, tashi sama da rikiɗar duk aikin kwamfuta ne da koren labule, kuma yana da kyau ki faɗa ma yaran haka ƙarara. Biyun farko na yara ne duk da na biyu akwai ƙaton maciji da gizo-gizo. Daga na uku abin ya fara duhu, 'yar shekara 7 za ta iya kasa barci. Na huɗu ana kashe yaro, na biyar da na shida akwai soyayyar 'yan makaranta har da sumba, na ƙarshe gawarwaki ne a jere. In kin yanke shawarar barinsu, kar ki ba su waya su shige ɗaki, ki sa a tele a falo kina kusa, kuma ki tsaya a na biyu tukuna.