Mu Fallata ne ko Hausawa? Amsa ga ɗan uwana na Kano

Malam ka tambaye ni wai me yasa a Sudan ake ce mana Fallata alhali muna cewa mu Hausawa ne, har ka ƙara da cewa ko dai mun zama Larabawa ne kawai. Toh bari in warware maka.

Kalmar Fallata ba mu muka raɗa wa kanmu ba. Asalinta daga Barebari take, haka Kanuri suke kiran Fulani, kuma ka san hanyar alhazai ta ƙafa ta Borno take bi ta wuce Wadai ta shiga Darfur, sai sunan ya riga mu isowa. Balaraben Sudan kuwa bai tsaya bambancewa ba, duk wanda ya fito daga yamma, Bafulatani ne ko Bahaushe ko Babarbare ko Bazabarme, Fallati ne a wajensa. Akwai kuma Takarir ko Takarna, wanda ya samo asali daga Takrur, tsohuwar masarautar nan ta bakin kogin Sanagal, shi ne ya koma takari a bakinku. Wannan kam ina roƙonka kar ka kira mu da shi, don ku can in kun ce takari kuna nufin wanda ya je Makka ya maƙale babu takarda, mu kuwa a nan aka haifi kakana.

Mutanenmu da yawa hajji ya kawo su, suna tafiya suna noma suna tara guzuri shekara da shekaru kafin su kai Sawakin su haye teku, wasu har suka tsufa a hanya. Wasu kuma hijira suka yi bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya jawo jama'a har bakin Nilu kusa da Sinnar, garin da suka zauna har yau da sunansa ake kiransa. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925 hannun iyayenmu ne ya tsinci audugar nan, amma da aka zo maganar jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, sai aka ce a kawo shaidar kakan kaka. Babana ya yi ta zarya ofis a kanta, mutumin da bai taɓa taka Najeriya ba a rayuwarsa. A nan ne kalmar take mana ciwo, in mai hayar shago ya ce ya Fallati da wata irin murya, ka san baƙo yake nufi. In malami ne ya faɗa kuwa girmamawa ce, don an san Fallata da Alƙur'ani.

Maganar aure da ka kawo, eh muna auratayya da Larabawa amma ba sosai ba. Ƙanwata Balarabe take aure a Gadarif kuma suna zaune lafiya, sai dai namijinmu ya nemi 'yarsu shi ne ake jan ƙafa, wani gidan ma ba za a saurare ka ba. Kakata kuwa Allah ya jiƙanta har ta rasu bata yarda jika ya gaishe ta da Larabci ba, in ka ce habboba, wato kaka da Larabcin Sudan, sai ta kau da kai, sai ka durƙusa ka ce ina kwana Iya tukuna ta amsa. Kullum cewa take mu a hanyar Makka muke, zango muka yada.

Gaskiya ne Hausarmu ta sha Larabci, muna cewa ya'ani da tamam, amma ku ma ai taku cike take da Turanci kuma ba wanda ya ce kun tashi daga Hausawa. Ka zo Kassala ko Damazin da yamma ka ga layin masu sayen agashe, tsirenmu ne, sunan ma Hausa ne, a gashe, duk Sudan da shi suke kiransa.