Tambayi Injiniya: An kawo saba, ɗaki bai shirya ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan ɗakin ajiye saba ne, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai tana yi wa sauran kwamfutocin ofis hidima, shi ya sa na tattara su waje guda. Masu tambayar waya da laftof ku yi min haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Salam Injiniya, dan Allah a taimaka min da shawara. Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani asibitin kuɗi a wajen Zoo Road, oga ya yi odar saba guda biyu daga Legas har sun iso suna nan cikin kwali a ofishinsa, yanzu ya ce in share wani sito da ke ƙarƙashin bene in jona su kafin ƙarshen wata. Siton ba esi, windo ɗaya ne mai luba, kuma bayan bangon banɗaki ne. Ni dai hankalina bai kwanta ba amma ban san me zan ce masa ba. Daga ƙaninka a Zoo Road.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Hankalinka ya yi daidai da bai kwanta ba. Ka je ka samu oga cikin ladabi ka ce ranka ya daɗe, ba a kai amarya kafin a yi jere, a bar kayan nan a kwalinsu a gyara ɗaki tukuna. Saba ba ta lalacewa don ta ƙara wata ɗaya a kwali, amma wata ɗaya a siton da ka kwatanta min zai iya gamawa da ita.

Wannan siton ma ni ban yarda da shi ba gaba ɗaya. Bangon da ke haɗe da banɗaki akwai fayif a cikinsa, ko ba yau ba ko ba gobe ba zai yi yoyo, kuma tun kafin ka ga ruwa da ido danshi ya riga ya shiga bango. Sannan ƙarƙashin bene yawanci shi ne wuri mafi kwari a gini, duk ruwan da ya shigo can zai gangara, duk wanda ya ga yadda ruwa ya shiga shaguna a Kantin Kwari a daminar 2022 ya san kayan da ke ƙasa su ke fara tafiya. Ka nemi ɗakin da ba fayif a bangonsa, ba tankin ruwa ko banɗaki a samansa, kuma in da hali ba wanda ranar la'asar ke duka ba, don bangon yamma a Kano cikin Afrilu da Mayu in ka ɗora hannu da magariba za ka ji yana huci, kuma wannan zafin duk esi ne zai biya kuɗinsa. Ɗakin da ke tsakiyar gini wanda kowa ke rainawa saboda ba iska ba haske, wallahi shi ne ya fi dacewa.

Sai awo. Ka ɗauki tef ka auna ƙofa da lungun da za a bi da kaya kafin a sayo rak, wato ƙarfen kabad ɗin da ake jera sabobin a ciki. Babban rak mai 42U tsawonsa ya kai kusan mita 2, kowane U ɗaya inci 1.75 ne, faɗin wajen ɗaura kaya kuma inci 19. Ku da ke da saba biyu da siwic (akwatin da ke haɗa kwamfutoci a netwok) da UPS (na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke) ba ku buƙatar babba, rabinsa ma ya ishe ku, amma inda mutane ke faɗawa shi ne zurfi. Za ka je kasuwa a nuna maka mai zurfin santimita 60 a ce ai rak ne, eh rak ne amma na siwic da kebul, saba ba za ta shige ba, ƙofar baya ba za ta rufu ba. Ka nemi mai zurfin mita ɗaya ko sama. Kuma kar a manna shi da bango, saba tana shaƙar iska ta gaba ne ta fitar da mai zafi ta baya, ka bar fili kamar mita ɗaya a gaba don in za a zaro ta a kan layinta, a baya ma a bar inda mutum zai tsaya ya yi aiki ba tare da ya dinga goga kafaɗa da kebul ba.

Windon luba kuwa a cire shi a toshe da bulo a yi filasta, ba labule ba, ba leda da salatif ba. Duk aikin da ke tada ƙura, fasa bango, huda wajen fayif ɗin esi, tayil, fenti, silin, a gama shi kaf a share a goge da jiƙaƙƙen tsumma kafin kwali ɗaya ya shigo. Ramukan da kebul ya bi ta ciki a cike su saboda ɓera, ɓera yana son ɗumin bayan rak kuma yana son cin rigar kebul.

In an gama duk wannan ka kunna esi da wuta da UPS ka bar ɗakin yana aiki babu saba har sati guda, ka rataye ɗan ma'aunin zafi da danshi a bango, ka dinga leƙawa safe da rana da dare kana rubutawa a littafi, ka sa a kashe wuta da gangan a ga ko inji zai ɗauka. Wannan littafin shi za ka kai wa oga, masu kuɗi sun fi jin magana in suka ga lamba a rubuce.

TAMBAYA: Injiniya barka da aiki. Makarantarmu a Hotoro za mu sa saba saboda jarrabawar kwamfuta da sakamakon ɗalibai. Mai esi ya ce hos ɗaya ya isa tunda ɗakin ƙarami ne, wani kuma ya ce sai hos uku. Wa zan bi? Daga wata shugabar makaranta.

AMSA: Hajiya barka kadai. Dukkansu girman ɗaki suka kalla, alhali kayan da ke ciki ake fara lissafawa. Duk wutar da na'ura ta ci zafi take komawa, kowane wat ɗaya yana ba da BTU 3.4 a awa, BTU shi ne ma'aunin zafin da ake auna ƙarfin esi da shi. Mu ƙaddara sabobinku da siwic da UPS gaba ɗaya suna jan wat 1,500, kin ga BTU 5,100 ke nan, sai a ƙara zafin da ke shigowa ta bango da rufi, wanda a garin da ake haura digiri 40 a bazara ba ƙaramin abu ba ne. Esi mai hos ɗaya a kasuwarmu wajen BTU 9,000 yake bayarwa, hos ɗaya da rabi 12,000, hos biyu 18,000. To a irin wannan lissafin hos ɗaya da rabi ya wadatar.

Amma Hajiya guda biyu za ki saya, nan ne maganar take. Esin gida ba a yi shi don ya yi awa 24 kullum har shekara ba hutu ba, a sa biyu suna karɓa-karɓa, wannan sati ɗaya wancan sati ɗaya, ranar da ɗaya ya tsaya ko gas ya zube ɗayan na nan. Ki tabbatar irin wanda ke tashi da kansa ne in wuta ta dawo, don akwai waɗanda sai an danna rimot, an ɗauke wuta ƙarfe biyun dare an dawo da ita, saba ta ci gaba da aiki esi yana barci, maigadi kuma ba shi da makulli. Kar a kafa shi a saman rak, ranar da fayif ɗin ruwansa ya toshe a kan saba zai ɗiga. Kuma ba sai an mayar da ɗakin firiza ba, ƙungiyar injiniyoyin sanyi ta Amurka, ASHRAE, ta ba da shawarar iskar da ke shiga saba ta kasance tsakanin digiri 18 zuwa 27, ki sa a 22 ko 23 ki huta da kuɗin wuta.

Abin da mai esi ba zai gaya miki ba shi ne hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar nan mai laushi kamar hoda tana bi ta ƙarƙashin ƙofa, fankokin saba su zuƙe ta ta kwanta a ciki, sai ki ji saba tana ƙara kamar za ta tashi sama alhali ɗakin da sanyi. A sa roba a ƙasan ƙofa, a dinga wanke rariyar esi duk sati biyu a lokacin, kuma a hana shara da tsintsiya a ɗakin, mofa ko injin zuƙe ƙura kawai. Sannan iskar hunturu a bushe take ƙwarai, shi ya sa mutum ke taɓa ƙofar mota ya ji ta ja shi, wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kashe kayan cikin saba irin memori ko madabod. Don haka ba kafet a ɗakin ko kaɗan, kuma duk wanda zai buɗe saba ya fara taɓa ƙarfen rak ko ya ɗaura igiyar hannu ta atin, wato wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa.

TAMBAYA: Malam Injiniya, kamfaninmu a Sharaɗa muna layin Band A, ga inji ga sola. Har yanzu sai mun sayi UPS? Kuma mai wayarin ya ce atin ɗin ginin yana nan tun da aka gina, ba sai an taɓa ba.

AMSA: Alhaji sai kun saya. Lokacin da hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai kuɗin Band A, wato layin da aka fi ba wuta, naira 225 a kan kowane yunit a Afrilun 2024, alƙawarin awa 20 ne a rana, ba 24 ba, kuma ko inji mai tashi da kansa sai ya ɗauki wasu daƙiƙoƙi kafin ya karɓi lodi, saba kuwa ƙiftawar ido ta ishe ta ta mutu tana tsakiyar rubuta bayanai. Ku nemi UPS irin wanda ake kira onlayin, shi kullum wutar da yake ba saba shi ya sarrafa ta da kansa, ko ta gari ta yi sama ko ta yi ƙasa bolt 230 ɗin nan za ta fita. Ku lura da lamba, 3kVA da ake rubutawa a jikin UPS ba wat 3,000 ba ne, yawanci 2,400 zuwa 2,700 ne, kuma kar a cika shi maƙil, a bar masa kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Batiransa su zauna cikin sanyi su ma, batirin dalma in zafi ya haura digiri 25 da kamar digiri 10 rabin rayuwarsa ta tafi, shi ya sa za ka ji ana zagin batir cewa jabu ne alhali a lungu mai zafi aka dafa shi.

A ja wa ɗakin layinsa daban tun daga babban allon wuta da birekarsa, kar ya haɗa layi da injin walda ko famfon burtsatse ko hitar shayin ma'aikata. Esin ɗakin kuma dole ya kasance a kan inji ko inbata, ba a kan UPS ba, in ba haka ba wuta za ta ɗauke saba na aiki a rufaffen ɗaki ba sanyi, cikin ɗan lokaci ɗakin ya ɗau zafi.

Maganar atin kuwa ban yarda da "yana nan" ba, a auna. Akwai mita ta musamman da ake kafa ƙarafa a ƙasa a gwada, ana son mitar ta nuna ƙasa da om 5 (om shi ne ma'aunin turjiyar wuta), kuma a yi awon da rani lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau, don da damina kowane atin kyau yake nunawa. Sau da yawa in aka tona sai a tarar rodin da aka binne ba jan ƙarfe ba ne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka, tsatsa ta cinye shi ko wayar ta tsinke tun tuni. Gishiri da gawayi da masu wayarin ke zubawa a ramin suna taimakawa amma gishirin yana cin ƙarfe kuma ruwa na wanke shi, saboda haka duk shekara a sake aunawa. Rak ɗin kansa da UPS duk a ɗaure su da wannan atin, a sa abin tare tsawa a allon wuta kafin hadarin Yuni ya fara, musamman in kuna da eriyar intanet a saman rufi, don ta kebul ɗinta tsawa ke bi ta shigo har cikin siwic.

TAMBAYA: Wai dole ne sai an yi ɗagaggen daɓe irin na banki wanda kebul ke bi ta ƙasa?

AMSA: A'a. Don rak ɗaya ko biyu ɓarnar kuɗi ne, tayil ya isa, kebul ya bi ta tire a sama, na wuta gefe guda na netwok gefe guda. Kawai ka tuna kebul ɗin netwok na Cat6 ba ya wuce mita 100, in ofis ɗin ƙarshe ya fi haka nisa sai faiba, wato kebul mai aika bayanai da haske.

TAMBAYA: Injiniya muna da jar tukunyar kashe gobara irin ta mota, ta isa a rataye a ɗakin? Daga wani ɗan kasuwa a Sabon Gari.

AMSA: Ɗan'uwa wanda ke Sabon Gari lokacin gobarar 2016 ba sai an yi masa wa'azin wuta ba. Amma waccan mai hoda ce, za ta kashe wutar ta kuma kashe sabar, hodar na shiga ko'ina tana cin ƙarfe. Ka sayi mai iskar CO2, za ka gane ta da baƙin baki mai faɗi kamar kakaki, ka rataye ta a waje bakin ƙofa ba can ciki bayan rak ba, kuma wanda ya fesa ta ya fito nan take don tana korar iskar numfashi a ƙaramin ɗaki. A sa na'urar jin hayaƙi mai ƙarar da maigadi zai ji daga get. Kwalaye da tsofaffin fayil da jarkar man inji duk a fitar da su, makulli kuma ya tsaya a hannun mutum biyu, da littafin da duk wanda ya shiga zai sa hannu.