Jan hasken nan da ake haska wa ciwo, da gaske yana warkarwa?

Tambaya: Likita barka da aiki. Mahaifiyata na da ciwon suga, gyambo ya fito mata a ƙafa ya ƙi warkewa, sai naga ana tallan wata na'ura mai jan haske a Facebook wai tana warkar da ciwo. In saya ko damfara ce?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Toh gaskiya abin yana da tushe, masu tallan ne dai suka ƙara masa gishiri. Wani likita ɗan ƙasar Hangari, Endre Mester, shi ya fara lura da shi a 1967, ya aske bayan ɓeraye ya haska musu leza mara ƙarfi, sai ga gashinsu ya riga na sauran tsirowa.

Kinga cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai mitokondiriya, ita ce kamar janaretonsu, ita ke samar da makamashin da ake cewa ATP. Jan haske da ɗan'uwansa infrared wanda ido baya gani, wajen nanomita 600 zuwa 1000 a ma'aunin da ake bambance nau'in haske da shi, suna ratsa fata, kuma bayanin da masana suka fi karkata a kai shi ne wani sinadari a cikin mitokondiriyar, cytochrome c oxidase, yana zuƙe hasken sai ATP ya ƙaru, ƙananan jijiyoyin jini su ɗan buɗe, kumburi ya lafa. Babu zafi a ciki fa, kar ki haɗa shi da fitilar gasa jiki.

Matsalar tana wajen awon hasken. In ya yi kaɗan aikin banza, in ya yi yawa kuma ya danne amfanin, baƙar fata ma tana shanye wani kaso kafin ya shiga ciki, su kuma na'urorin intanet ɗin nan da yawa ko ƙarfinsu ba sa rubutawa. Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne ciwon bakin da masu kansa ke samu sanadin kemo, wato maganin kansa, ko gashin radiyeshan. Gyambon suga kam binciken ƙanana ne, ni dai ba zan ce ki zuba kuɗinki a kai ba.

Kuɗin nan ki kai ta asibiti da shi a duba suganta, a duba ko jini na isa ƙafar, a kankare mataccen naman a riƙa dressing, ta kuma rage taka wajen. In ya fara wari, ko yin baƙi, ko zazzaɓi ya zo, kar a kwana a gida.