Amsar tambayar Hajiya kan gangaren bayan gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Hajiya, na saurari muryarki tun da rana, aiki ne ya riƙe ni. Kin ce akwai gangare a bayan gidanku a Gombe, rana na dukansa tun safe har la'asar, ruwan sama na kwashe ƙasar, kuma kina son abin da zai rufe wurin ba sai ana bin sa da bokiti kullum ba. Kin kuma tambaya ko ciyawar nan ta kafet da ake gani a otal-otal za ta yi.

To, ciyawar kafet dai ki bar ta, don Allah. Tana son ban ruwa, ga shi mu nan daga Nuwamba har Maris kusan babu ɗigon ruwan sama. Za ki kashe kuɗi, kafin Maris ta ƙone.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, a kan gangare sai an fara karya gudun ruwa kafin a yi maganar shuka. In ba haka ba, ruwan farko mai ƙarfi zai tafi da irin da takin gaba ɗaya. Kuma ku mutanen Gombe kun fi kowa sanin yadda ƙaramar hanyar ruwa ke zama kwazazzabo. Ki sa yara su jera duwatsu a gicciye, layi-layi, kada layin ya bi gangaren zuwa ƙasa, ya ratsa shi ne. In wurin na da faɗi, a haƙa ramukan rabin wata, bakinsu na kallon saman gangaren. Da irin wannan aikin aka farfaɗo da tsandaurin Keita a jihar Tawa ta Nijar, tun daga 1984, wurin da ya fi naki bushewa nesa ba kusa ba.

Sai shukar. Ta farko, jema. Eh, jemar nan da ake saƙa da ita. Saiwarta ƙasa take nutsewa tsaye, tana iya kai mita 3, shi ya sa take ɗaure ƙasa sosai. A tsaga gindinta, a datse ganyen ya rage kamar taƙi ɗaya, a dasa a bayan layin duwatsun, tazarar santimita 10 zuwa 15. Kada a yi rowa a nan, in aka bar giɓi ruwa zai bi ta wurin ya yi rami. Amma ki sani, asalinta 'yar fadama ce, don haka makonnin farko tana buƙatar laima. In ta kama, shi ke nan, ko wuta ta cinye ta sai ta sake tofowa. In ba a samu jema ba, gamba ma tana yi, sai dai tana tsayi da yawa, kuma da rani abin tsoron gobara ce kusa da gida, dole a yanke ta bayan kaka.

Tsakanin layukan kuma, kiri-kiri. Ita ce ainihin mai shimfiɗa, tana tafiya tana kafa saiwa a kowace gaɓa, tana jure taku. Da rani za ta yi fari kamar ta mutu, kada ki damu, ruwa na sauka za ta farfaɗo. Aibinta ɗaya, in kina da lambu kusa za ta shige shi, fitar da ita kuwa wahala ce. A yi mata iyaka da bulo ko 'yar lambatu.

Ni kam ina son yaɗiya ƙwarai, mutane ne suka raina ta. Tsakiyar bazara za ki gan ta kore shar a kan yashi, ga ganyen ana kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Ki sa 'yan gindi a can sama inda ya fi bushewa, ta yaɗo ƙasa.

Na ji wani ɗan'uwa ya ce a shuka duman kada. Malam, ka yi haƙuri, ban goyi baya ba. Tana rufe wuri da sauri, gaskiya ne, amma in tumaki da awaki suka ci da yawa tana sa su karkarwa da tangaɗi. Gidan da ke da dabbobi bai dace ba.

Lokacin dashe kuwa, a jira damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, a dasa da yamma bayan an yi ruwa. A ɗan barbaɗa takin gargajiya, a rufe da kara ko tattaka. Shekarar farko a killace da ƙaya saboda awaki, a riƙa cire ƙarangiya tun kafin ta yi 'ya'ya.

Hajiya, ki turo mana hoton wurin daga gefe, in ga tsayin gangaren, sai in faɗa miki layi nawa zai isa. Wassalam.