Baƙin mai na ɗiga ta gaban inji

Tambaya: Malam, motata tana ɗigar da baƙin mai ta ƙarƙashin babban fuli. Bakanike ya ce oyil sil ɗin gaban karanshaf ne, wato zoben robar da ke tare mai a inda sandar da ke juya fulin ta fito daga inji. In yarda a canja?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin a taɓa sifana, sa a wanke injin tas, a tayar da shi a duba. Sau da yawa man daga gasket ɗin murfin sama yake gangarowa, a ɗora wa sil laifi.

In sil ɗin ne, sai a cire bel, a kwance notin fulin, wanda yake da taurin tsiya. Wajen zaro tsohon sil ne nake sa ido: in sukundireba ya karce karanshaf, sabon ma zai yi yoyo. A shafa wa leɓen sabon ɗan mai, gefen da ke da sifirin ya kalli cikin inji, a tura shi daidai wa daida, ba a karkace ba.

Idan motarka mai taimin bel ce, wato bel ɗin da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawulolin inji, kuma mai ya jiƙa shi, canja shi a lokaci guda. A duba bawul ɗin PCV ma, wato wanda ke fitar da iskar da ke taruwa a cikin inji. In ya toshe, iskar da ta taru a inji za ta sake tura mai waje.