Jirgin da ya girmi kakanka

Yarona, ka ce wani mai sha'awar jirage ya ba ka labarin hawansa tsohon jirgin sama ƙirar DC-3 a ƙasar waje. Ya ga baƙin mai na ɗiga ƙarƙashin inji, ya ga kanikawa suna juya farfela da hannu, da aka tayar kuma hayaƙi ya turnuƙe. Shi ne kake tambaya ko da hankali a ɗora mutane kan jirgin da ya girmi kakanka.

Girma kam ya girme shi. Ranar 17 ga Disamba 1935 DC-3 na farko, ƙirar kamfanin Douglas, ya tashi a Amurka, kuma in ka haɗa da na soja, an ƙera fiye da 16,000. Maƙwabtanmu ma sun san shi, don Air Tchad ta yi aiki da shi tun ana kiran Njamena Fort-Lamy.

Abin da ya tsorata abokin naka ɗabi'ar injin ce. Yawancin jiragen nan injin Pratt & Whitney R-1830 ke jikinsu, silinda 14 a jere biyu, sun kewaye inji ta kowane gefe, wasu na kallon sama, wasu na kallon ƙasa. In jirgi ya kwana, mai yakan sulale ya taru a silindojin ƙasa. Iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa. Ka tayar a haka, fistin zai daki man nan, sandarsa ta lanƙwashe. Wani lokaci ba za ka ji komai ba ranar, sai bayan kwanaki ta karye jirgi yana sama da mutane. Wannan ne ke hana ni barci, ba ɗigon da ya gani a ƙasa ba.

Shi ya sa ake juya farfela tukuna. Kafin hannunka ya taɓa ta, leƙa da idonka ka tabbatar makunnin magneto, na'urar da ke ba fulogi wuta, a kashe yake, kada ka dogara da "na kashe" ta kowa, har da ni. Juya a hankali ta inda take juyawa. In ta cije, tsaya nan. Kada ka gwada mata ƙarfi, kada kuma ka koma da ita baya, don man zai shige bututun shan iska ya laɓe, ya dawo lokacin tayarwa. Kwance fulogan silindojin ƙasa, ka bar shi ya tsiyaye. Hayaƙin da ya gani ragowar man ne ke ƙonewa, jim kaɗan zai washe.

Daɗewar gangar jikin kuma da dalilinta. Jiragen da ke sauka nan Garwa yanzu ana cusa musu iska a ciki saboda nisan da suke yi sama, don haka kowane tashi jikin ya kumbura, kowace sauka ya saki, tamkar waya da kake lanƙwasawa kana miƙewa har ta gaji. Haka ya tarwatsa jiragen Comet na Ingila a 1954. DC-3 ba a cusa masa iska, ƙasa-ƙasa yake tafiyarsa, da wuya ya wuce mita 3,000 da fasinja. Gajiyar nan ba ta cinsa sosai.

Maƙiyinsa cin ƙarfe ne. Alminiyom ba ya jan tsatsa, farin gari yake fitarwa gindin kusoshi, ko ka ga fenti ya yi ƙuraje. Sai ka shiga da tocila da ɗan madubi inda fiffike ya haɗu da jiki. Ka kuma duba sitiyarin wutsiya, don yadi ne aka lulluɓe shi da shi, rana irin tamu ta watan Afrilu kuwa ba ta raga wa yadi.

Ni zan hau, da farin ciki ma. Amma sai an fara miƙo mini littafin gyaransa na ga awa nawa injin ya yi tun da aka sauke shi aka sabunta, da ranar da aka duba mahaɗin fiffiken.